Ƙarfe Biyu da Minti Arba'in da Ɗaya

Wata biyu rana ba ta leƙo Tromso ba.
Goma na safe da goma na dare
fuska ɗaya gare su ta tagar ofis.
Ƙanƙara ta binne motoci, ta bar tuddai.

Eilif ya kira daga tsakiyar teku,
murya na tsinkewa kamar tsohon zare:
"Gunvor, sikelin nan yana cin amanata.
Kwandon kifi ɗaya, nauyi biyu.
Ba ke kika ce kin gyara ran Talata ba?"

Na gyara. Har ga zuciyata na gyara.
"Karanto min lambar da ke ƙasan allo."
"Huɗu, ɗigo, bakwai."
Ta ran Talata ke nan.
Ta watan jiya ma ke nan,
da wadda na gina ina gyangyaɗi,
don hannuna ya manta bai ƙara lamba ba.
'Ya'ya biyar na ɗinka wa riga iri ɗaya,
ga ni ina tambayar wanne ya tafi teku.

A daren na buɗe saitin mai harhaɗawa,
can ƙasa, inda ba a cika leƙawa ba,
wani ɗan akwati fari, babu kowa.
Na rubuta masa layi guda:
duk sa'ar da za ka yi gini, dubi agogo,
ka cusa abin da ka gani cikin ƙashin manhajar.

Ya ƙi.
Giɓin da ke tsakanin rana da sa'a
ya raba masa maganar gida biyu.
Na sa alamar zance, ya haɗiye ta.
Na sa mata kariya, ya yi ja, ya yi ƙorafi.
A karo na huɗu ya yi shiru,
shirun da masu sana'ata ke kira nasara.
Ƙasan allo: sha huɗu ga Janairu, 02:41.

Kashegari na sake gini bayan shayi.
02:41.
Na sake. 02:41.
Agogon bango na tafiya, nawa ya ƙafe.
Torstein ya matso, burodi da cuku a hannu,
ya duba ta saman tabarau:
"Malalaci ne, ba makaryaci ba.
Fayil ɗin da bai canja ba, ba ya taɓa shi.
Sai kin tilasta masa, kowane gini."
Na tilasta. Lokaci ya ci gaba da gudu.

Amma na riga na aika wa Eilif ta daren jiya,
sikeli ya daidaita, bai sake kira ba.

Shekara shida.
Torstein ya yi ritaya, ya koma kiwon zuma.
Eilif ya sayar da jirgin.
Yau wata yarinya, Oddny, sabuwar mai shi,
ta kira kan wata 'yar matsala ta firinta.
"Karanto min abin da ke ƙasan allo."
Ta karanto.

Sai ga daren ya shigo bai yi sallama ba:
na'urar ɗumama gidana ta mutu,
na taho da Sindre ofis cikin bargo,
yana barci kan kujera ƙarƙashin kwat ɗina,
safa ɗaya a ƙafa, ɗayar ta ɓace,
numfashinsa na ƙamshin lemo.
Ban ɗauki hoto ba. Wa zai ɗauka?
Aiki nake.

Yanzu ya fi ni tsawo, yana rufe ƙofar ɗakinsa.
Amma wancan mintin yana can yana yawo kan ruwa,
gishiri na cin ƙarfen da ke kewaye da shi,
kifi na wucewa ta kansa tan bayan tan.

"Kina ji na?" in ji Oddny.
"Tsohuwa ce sosai, ko? A sabunta?"

Na ce a sabunta, ƙa'ida ce.
Na ce ta ɗan dakata tukuna
in nemo biro.